Labaran Bikin Indiya: Wa Ke Biyan Kuɗin Dariyar?

  

 Yau ina so in taɓo wani abu da na san da yawa daga cikinku suna ƙauna, wato labaran soyayya masu ban dariya da ake ginawa a kan ƙasaitaccen bikin aure na Indiyawa, na fim ne ko na littafi. Na san wasu za su ce na rasa abin faɗa ne. To, a yi haƙuri a karanta zuwa ƙarshe, sannan a yi mini hukunci. Da'awata ita ce, wannan nau'in labari yana sayar wa matasa surar aure wadda aka yanke mata rabin gaskiya, kuma rabin da aka yanke ɗin shi ne wanda ake zubar da hawaye, wani lokaci har da jini, a cikinsa.

YADDA AKE ƊINKA LABARIN

Duk wanda ya kalli biyu ko uku daga cikinsu ya san sauran. Akwai katafaren gida ko tsohuwar fadar sarakuna da aka mayar otal, akwai dangi da suka taru daga Landan da Amurka, akwai kwanaki ana shagali: ranar ƙunshi da suke kira mehndi, ranar shafa kurkum da suke kira haldi, daren waƙa da rawa da suke kira sangit, sai ranar da ango zai iso bisa farin doki da tawagarsa ta barat. A tsakiyar wannan hayaniya sai a jefo saurayi da budurwa waɗanda ba sa ga-maciji da juna, su yi ta faɗa muna dariya, har faɗan ya rikiɗe ya zama so. Sai a kawo gwaggo mai tsegumi, da kawu mai shirme, da wata 'yar ƙarya da za ta tonu ana saura kwana ɗaya ɗaurin aure. A ƙarshe uba ya sauko, kowa ya yafe wa kowa, a watsa furanni, a rufe labule.

Fim ɗin da ya kafa wannan turba shi ne Hum Aapke Hain Koun na shekarar 1994, wanda Sooraj Barjatya ya shirya, Salman Khan da Madhuri Dixit suka fito a ciki. Ya haura awa uku, da waƙoƙi 14, kuma mafi yawansa hidimar biki ce da wasannin dangi, irin su ɓoye takalman ango. Da matsala ta taso a ƙarshe, karen gidan ne ya kai wasiƙa hannun da ya dace, komai ya warware. A 1995 sai Aditya Chopra ya fito da Dilwale Dulhania Le Jayenge, na Shah Rukh Khan da Kajol, wanda sinimar Maratha Mandir ta birnin Mumbai ta shafe shekaru masu yawa tana nunawa kullum. Daga nan ƙofa ta buɗe: Bride and Prejudice a 2004, Band Baaja Baaraat a 2010, Yeh Jawaani Hai Deewani a 2013 da bikinsa na birnin Udaipur, har zuwa Wedding Season da Netflix ta fitar a 2022. A ɓangaren littattafai kuwa akwai 2 States na Chetan Bhagat a 2009, ga kuma marubuta mata 'yan asalin Indiya mazauna Amurka da Kanada, irin su Sonali Dev da Sara Desai da Nisha Sharma, waɗanda ke rubuta labaran soyayya da Turanci a kan neman aure da matsin dangi.

Ban musa cewa akwai gwaninta a wasunsu ba. Ai da babu gwaninta da babu haɗari.

TUHUMA TA FARKO: AN ƁOYE MAI BIYA

Ya ɗan'uwa mai karatu, ka taɓa tambayar kanka, wa ya biya kuɗin furannin nan da gwala-gwalan nan? A mafi yawan al'adun Indiya nauyin biki yana kan uban amarya ne, kuma bayan biki akwai abin da suke kira dahej, wato dukiyar da iyayen yarinya ke miƙa wa ango da danginsa: kuɗi, zinari, mota, babur, firji, wani lokaci har da gida. Gwamnatin Indiya ta haramta wannan al'ada da doka tun 1961, amma dokar ba ta kashe ta ba. Wani bincike da masana tattalin arziki suka wallafa ta kafar Bankin Duniya, wanda ya duba aure 40,000 da aka ɗaura a karkarar Indiya tsakanin 1960 da 2008, ya gano an biya dahej a kashi 95 cikin 100 na waɗannan aurarraki.

Kuma abin bai tsaya a ranar biki ba. Dangin miji kan ci gaba da neman ƙari bayan an kai amarya, in ubanta ya gaza sai a huce a kanta. Abin ya yi munin da a 1983 aka ƙara sashe na musamman a kundin laifuffukan ƙasar kan azabtar da matar aure daga miji ko danginsa, a 1986 kuma aka ƙara wani sashen kan mutuwar dahej, wato macen da ta mutu ta hanyar da ba a saba ba cikin shekara 7 da aurenta, bayan an matsa mata kan dukiya. Sabon kundin da ya fara aiki a watan Yuli na 2024 ya riƙe waɗannan laifuffuka, domin har yanzu ana aikata su. Alƙaluman hukumar tattara bayanan laifuffuka ta Indiya sun nuna sama da mutuwa 6,000 irin wannan a shekarar 2022 kaɗai. Ka raba da kwanakin shekara, za ka ga fiye da mace 16 kowace rana. Waɗannan su ne aka kai rahotonsu ga 'yan sanda.

Akwai wanda ya fi wannan tayar da hankali. Idan 'ya mace ta zama bashi tun daga ranar haihuwarta, wasu iyayen sai su hana ta zuwa duniya. A 1994, shekarar da aka fito da fim ɗin waƙoƙi 14 ɗin nan, a shekarar ce Indiya ta kafa dokar hana likitoci bayyana jinsin abin da ke ciki, saboda yawan zubar da cikin 'ya'ya mata. Ƙidayar 2011 ta nuna yara mata 919 ga kowane yara maza 1,000 'yan ƙasa da shekara 7, a jihar Haryana kuwa 834 ne. Dalilan fifita ɗa namiji suna da yawa, amma tsoron kuɗin aurar da mace yana sahun gaba.

Yanzu ka koma ka dubi yadda labaran ban dariya ke taɓa wannan batu in sun taɓa shi. A cikin 2 States, dangin wani ango sun tayar da rigima ana tsakar biki domin sun raina motar da aka ba su. Jarumar labarin ta tsaya ta kunyata angon da 'yan kalmomi, ya sauko, biki ya ci gaba, kowa ya yaba mata. Shi ke nan! Cutar da ke cin rayukan dubban mata an mayar da ita ɗan tuntuɓe da ake tsallakewa da jawabin minti biyar. Labarin yana rufewa ne daidai inda rayuwar amarya ke buɗewa. Ba a bin ta zuwa gidan surukai, ba a bin ubanta zuwa wurin mai ba da bashi da ruwa.

TUHUMA TA BIYU: AN MAYAR DA ALMUBAZZARANCI ALAMAR ƘAUNA

Wannan nau'in labari ba ya tsayuwa sai da dukiya. Ka cire fadar, ka cire tufafin alharini, ka cire jirgin da ya kwaso dangi, ka ga abin da zai rage. Jaruman kusan kullum 'ya'yan masu masana'antu ne ko likitoci da lauyoyin ƙasashen waje. Talaka in ya bayyana, to mai ɗaukar tire ne ko direba, an kawo shi ne don a yi dariya. Maganar bambancin asali, wanda har gobe yake hana aure tsakanin jinsin mutane a Indiya, har yakan kai ga kisa, da wuya ta taso, domin marubucin ya riga ya zaɓo masoyan daga gidaje masu kama da juna. Saƙon da ke shiga zuciyar matashi a hankali shi ne, girman biki shi ne ma'aunin girman so, uban da ya ƙaunaci 'yarsa shi ne wanda ya rufe gari da shagali.

Kada wani ya ce allo daban, rayuwa daban. Su biyun suna ciyar da juna. A 2004 attajirin ƙarafa Lakshmi Mittal ya yi bikin 'yarsa a Faransa, har da shagali a fadar Versailles. A watan Nuwamba na 2016, kwanaki kaɗan bayan gwamnati ta soke takardun rupi 500 da 1,000, talakawa na kwana a layin banki, wani tsohon ministan jihar Karnataka, Gali Janardhana Reddy, ya yi wa 'yarsa biki a Bengaluru wanda katin gayyatarsa ma da ɗan allon bidiyo a ciki. A 2024 duniya ta shaida bikin Anant Ambani da Radhika Merchant: shagalin share fage a Jamnagar a watan Maris inda Rihanna ta yi waƙa, Bill Gates da Mark Zuckerberg suna cikin baƙi, sai yawon jirgin ruwa a tekun Bahar Rum, sannan ɗaurin aure a Mumbai ranar 12 ga Yuli. Jaridu sun kiyasta abin da aka kashe da ɗaruruwan miliyoyin daloli. A shekarar ce kuma kamfanin hada-hadar kuɗi na Jefferies ya kiyasta kasuwar bukukuwan aure ta Indiya da kusan dala biliyan 130 a shekara.

Attajiri ya yi nasa da rarar kuɗinsa ya wuce. Wanda ke shan wahala shi ne malamin makaranta da ƙaramin ɗan kasuwa da manomi, wanda 'yarsa ta ga abin a waya, surukansa ma sun gani, maƙwabta suna jira su ga yadda zai fita kunya. Sai a jinginar da gona, a sayar da shanu, a ci bashin da za a shekara goma ana biya, don kwana uku na kiɗa. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

TUHUMA TA UKU: AN YI WA ƘARYA KWALLIYA

Ku lura da injin da ke tura waɗannan labarai, za ku tarar yaudara ce. A Wedding Season saurayi da budurwa sun haɗa baki suna nuna wa iyayensu cewa suna soyayya don a ƙyale su. A Dilwale Dulhania Le Jayenge jarumin ya bi yarinyar da aka riga aka yi wa baiko har Punjab, ya ƙulla abotar ƙarya da angon, ya shiga gidan ya zauna ana hidimar biki da shi, alhali neman amaryar yake yi. Adalci ne in faɗa cewa ya ƙi guduwa da ita ko da mahaifiyarta ta ba su dama, ya dage sai uba ya yarda, kuma wannan abin yabo ne. Amma hanyar da ya bi ha'inci ce, kuma nema ne cikin nema, abin da Manzon Allah (SAW) ya hana. An shirya labarin ta yadda za mu tsani angon, mu yi wa mai kutsen addu'a. Dariya ita ce sukarin da ake lulluɓe maganin da shi. Abin da za ka ƙyamata in an yi wa ƙanwarka ko yayanka, sai ga ka kana tafa masa.

GA MASU CEWA NISHAƊI NE KAWAI

Za a ce da ni, Malam, labari ne fa, kowa ya san ƙirƙira ce. Amsata ita ce, da labari ba ya tasiri da kamfanoni ba su zuba kuɗi a talla ba. Hankali ya san ƙirƙira ce, amma sha'awa ba ta tambayar hankali kafin ta kafu. Yarinyar da ta kalli biki ɗari irin wannan kafin ta kai shekara 18, da wane ma'auni za ta auna nata?

Za a ce kuma, ai Musulunci bai hana farin cikin biki ba. Haka ne, kuma ba ni cikin masu son a mayar da ɗaurin aure zaman makoki. Buhari ya ruwaito cewa Nana A'isha (RA) ta raka wata amarya gidan wani mutumin Madina, Annabi (SAW) ya tambaye ta ko sun tafi da abin nishaɗi, saboda Ansaru suna son sa. Walima sunna ce. Amma a dubi sikelin. Abdurrahman ɗan Aufu (RA), wanda ya zama ɗaya daga manyan attajiran sahabbai, an umarce shi ya yi walima ko da da akuya guda. Walimar Nana Safiyya (RA) a hanyar dawowa daga Haibara dabino ce da cuku da man shanu. Wani sahabi da ba shi da komai an ce ya nemo ko zoben ƙarfe, da ya rasa aka aura masa matar a kan abin da ya haddace na Alƙur'ani. Abu Huraira (RA) ya ruwaito zargi mai tsanani kan walimar da ake gayyatar mawadata a bar matalauta. Suratul Isra'i kuwa, a aya ta 26 da 27, ta danganta masu almubazzaranci da shaiɗanu. Sannan babban bambanci: a aya ta 4 ta Suratun Nisa'i, miji ne aka umarta ya bai wa mace sadakinta, kuma mallakinta ne. Dahej ya kifar da wannan tsari, ya mayar da ango hajar da ake saya.

Za a ce ƙin Indiyawa ne ko ƙin addininsu. Allah Ya kiyaye. Musulmin Indiya ma sun faɗa wannan rami, suna kiran nasu jahez. A farkon 2021 wata matashiya Musulma a Ahmedabad ta ɗauki bidiyon bankwana ta faɗa kogin Sabarmati, iyayenta suka ce matsin miji kan dukiya ne ya kai ta, abin ya girgiza ƙasar, har majalisar malamai mai kula da dokokin iyali na Musulmin Indiya ta ƙaddamar da gangamin sauƙaƙa aure da ƙin jahez. Kuma Indiyawa da kansu sun fi kowa sukar wannan ƙyale-ƙyale. Fim ɗin Monsoon Wedding na Mira Nair, wanda ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na birnin Benis a 2001, shi ma bikin Delhi ne da raha a ciki, amma ya nuna uban amarya yana roƙon rance wurin abokansa, ya kuma tona asirin wani babba a dangi mai lalata da ƙananan yara. Ban ce duk abin da ke cikinsa ya dace da tarbiyyarmu ba. Abin da ya tabbatar shi ne, ana iya ba da labarin biki ba tare da an binne gaskiya a ƙarƙashin furanni ba. Masu binne ta zaɓa suka yi, don ita ce ba ta sayuwa.

INA RUWANMU?

Ruwanmu ne da tsaki. Tun wajen shekarun 1960 gidajen sinima a Kano da Kaduna da Jos da Zariya ke nuna fina-finan Indiya, har iyayenmu suka laƙaba wa Dharmendra sunan Sarkin Ƙarfi. Manazarta irin su Brian Larkin da Farfesa Abdalla Uba Adamu sun yi rubutu mai yawa kan yadda wannan kallo ya shiga littattafan soyayya na Kano da fina-finan Hausa. Yau kuma ga fassarar Indiya-Hausa a kowace waya, ba ka ma buƙatar jin yarensu.

Mu ba mu da dahej da sunansa, alhamdu lillahi, ango ne ke biyan sadaki, kuma a mazhabar Malikiyya mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne. Amma mu faɗa wa juna gaskiya: kayan ɗaki da gara fa? Uba nawa ne ya sayar da fili don gado da kujeru da kayan kicin, don kada dangin miji su yi wa 'yarsa gori? Amarya nawa ce aka raina a gidan miji don garar da aka kai ba ta cika ɗaki ba? A ɗaya ɓangaren ga lefe, akwati a kan akwati, ya hana samari motsi. A kan kamu da sa lalle da buɗar kai da muka gada, an ɗora dina, an ɗora daren Larabawa, an ɗora daren Indiya inda 'yan mata ke naɗa sari, kowanne da ankonsa da kuɗin zaurensa da mai hotonsa. An ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya, kuma tsoron kunyar nan ne ke jefa iyaye a bashi. Har ta kai gwamnatin Kano, ta hannun Hisba, tana ɗaukar nauyin auren gata tun 2012, a watan Oktoba na 2023 ma ta aurar da mutum 1,800 da matansu, tana biyan sadaki tana ba da gado da katifa. Al'ummar da sai hukuma ta sa hannu kafin talakanta ya iya aure, ba ta buƙatar ƙarin labaran da ke koya mata raina ƙaramin biki.

Ban ce fim ne ya haifar da son a-sani ba, wannan tsohuwar cuta ce ta zuciyar ɗan Adam. Amma fim da littafi suna ba ta tufafi masu kyau, suna ba ta waƙa, suna sa wanda ya guje mata ya ji kamar shi ne ya gaza.

NASIHA

Ya 'yar'uwata, idan kin ga amaryar allo cikin zinari, ki tuna da wadda ba a nuna miki ba, kada ki yi wa rogo kallon kitse. Darajarki ba ta cikin yawan ranakun shagali, kuma kowace rana da kika ƙara, wani ne zai biya, galibi mahaifinki. Ya ɗan'uwana, ka ji kunyar tambayar abin da za a kawo maka. Namijin da ke ƙirga kujerun da surukinsa ya saya, da shi da mai karɓar dahej tafiyarsu ɗaya. Ku zauna ku biyu da iyayenku tun kafin a sa rana, ku yanke abin da za ku iya ba tare da bashi ba, ku tsaya a kansa ko da za a yi gutsiri-tsoma. Masu surutun ba za su taya ku biya ba.

Ga marubutanmu kuma, musamman mata masu rubutu a waya waɗanda dubbai ke karantawa, ina da ƙalubale. Ku daina aro mana fadar Udaipur kuna dasawa a Abuja. In ban dariya kuke so, akwai shi jibge a shekarar farko ta aure a ɗaki ciki da falo: tuwon farko da ya yi gudaji, lissafin cefane, ziyarar uwar miji ba sanarwa. Ku rubuta mana masoyan da suka yi ƙaramin biki suka zauna lafiya, ku sa mu so su, mu yi sha'awar zama irinsu. Alƙalamin da ya iya ƙawata almubazzaranci zai iya ƙawata wadatar zuci, kuma za a tambayi kowa abin da ya rubuta.

Allah Ya sauƙaƙa wa matasanmu aure, Ya rufa wa iyayenmu asiri, Ya jiƙan matan da aka zalunta a Indiya da ko'ina, Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta.